Sabulun Wanki Ko Omo: Amsa Ga Ƙanwar Da Kayan Sallarta Suka Koɗe

Ƙanwata, kin ce kin ɗinka atamfa biyu da Ƙaramar Sallah, maigida kuma ya ɗinka shadda ruwan toka, ga shi ko Babbar Sallah ba ta zo ba atamfofin sun koɗe, shaddar ta yi laɓo-laɓo ta daina ɗaukar ido. Kin ce tun dare kike jiƙa su da omo, da safe ki wanke, kina tambaya ko ki bar omo ki koma sabulu. Abin ya taɓa ni, don na san kuɗin da ake zubawa kafin a kai ga ɗinkin Sallah a wannan zamani. A gidan masu sayar da atamfa na tashi, kuma na daɗe ina wanki da duka biyun, saboda haka bari in jera miki su ki ga inda kowanne ya fi ɗan'uwansa.

Omo dai sunan kayan kamfanin Unilever ne, amma mu duk garin wanki omo muke ce masa, ko Klin ne ko Ariel ko Viva. Da wannan ma'anar zan riƙa ambatonsa a nan.

Sabulu abu ne mai sauƙin haɗi: mai ne, galibi manja ko man alayyadi, aka dafa shi da soda. Omo kuwa taron sinadarai ne. Akwai mai raba maiƙo da zare, akwai soda mai kaifi, da yawansu suna da sinadaran da ke narkar da tabon jini da ƙwai da madara, wasu kuma an zuba musu na ƙara hasken farin kaya. Wannan na ƙarshe ba ya fita da ɗauraya, an yi shi ne don ya liƙe a jikin zare ya riƙa mayar da haske mai shuɗi-shuɗi, shi ya sa farar riga take ƙyalli a rana. A kan fari alheri ne. A kan ruwan toka, ruwan ƙasa ko ruwan madara kuwa, yana iya sauya wa launin kama, ki ga kamar ya dusashe alhali rinin yana nan.

Wajen cire dauɗa, omo ya yi wa sabulu nisa, babu gardama. Kayan makarantar yara da suka sha ƙasa a gwiwa, zanen gado, tawul, singileti, safa, kayan aikin bakanike ko na mai tuyar ƙosai, duk waɗannan in kin ce da sabulu kaɗai za ki fitar da su, hannunki zai yi ciwo, kuma yawan cuɗar da za ki yi shi zai cinye zaren kafin lokacinsa. Nan omo yana taimakon tufa, domin yana rage miki dirza. Amma ki dubi atamfar da kika ɗaura kika je gidan suna kika dawo: me ke jikinta? Gumi a hammata da wuya, ɗan turare, sai ƙurar hanya. Wannan ba ta buƙatar ƙarfin da ake fitar da baƙin mai da shi. Kumfar sabulu a ruwan sanyi ta ishe ta, a goga sabulun a wuya da hammata kawai, a cuɗa a hankali, a ɗauraye.

Sai maganar launi, inda ciwonki yake. Sabulu ya fi tausaya wa rini, shi ya sa iyayenmu ba sa kusantar da omo ga turamen da suke ji da su. Sai dai in gaya miki gaskiya, a labarin da kika bayar jiƙon dare ya fi omon laifi. Tufa mai launi in ta kwana cikin ruwa mai kaifin soda, rinin yana saki a hankali har gari ya waye, kuma ja ya hau kan fari, shuɗi ya hau kan rawaya, tun a cikin bahon. Ko da sabulu kika yi wannan jiƙon, sai kin ga ɓarna. Ni ma na taɓa asarar wata atamfa mai ganye-ganye da mahaifiyata ta ba ni, ta wannan hanyar: na jiƙa ta da garin wanki, baƙi suka zo, na manta da ita sai washegari. Har yau ina jin zafin abin. Tun daga ranar, kaya mai launi ba ya wuce minti 10 zuwa 15 a ruwa a wurina. Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne barbaɗa garin kai tsaye a kan jiƙaƙƙen kaya. Duk inda ƙwayar ta zauna ba ta narke ba, nan take barin jirwaye. In za ki yi amfani da omo, narka shi a ruwa tukuna sai ya ɓace, sannan ki sa kaya.

Atamfar ma ba duka ɗaya ba ce. Juya zanen ki duba bayansa. In ciki da waje launinsu ɗaya, rinin ya ratsa zaren, irin yadda ake yi wa atamfar kakin gaske, kamar Holan ta kamfanin Vlisco da ke garin Helmond, wanda yake aiki tun 1846. Irin wannan tana jure wanki, wata ma sai an wanke ta take ƙara laushi da kyau. In kuwa bayan ya fi fuskar haske sosai, buga zanen aka yi a fuska ɗaya, kuma ita ce ke saurin koɗewa. Wannan ta biyun ita ta fi buƙatar sabulu da ruwan sanyi da inuwa. Sabuwar atamfa kowace iri ce, wankin farko ki yi mata ita kaɗai, don rarar rinin da bai kama ba zai zuba. Mutane suna zuba gishiri wai don ya riƙe launi. Gishiri aikinsa a tukunyar rini yake, lokacin da ake rina zaren. Bayan an gama an kawo kasuwa ba ya ɗaure abin da bai ɗauru ba. Bai cutar da komai, amma kada ki dogara da shi ki saki jiki.

Akwai wuri ɗaya da sabulu yake faɗuwa ƙasa warwas, wato in ruwanku mai nauyi ne. Wasu rijiyoyi da burtsatse ruwansu yana ɗauke da sinadaran farar ƙasa. Za ki gane shi in sabulu yana ƙin kumfa, ko in kika ga farin ɓawo a gindin butar shayi. A irin wannan ruwa sabulu yana haɗuwa da sinadaran ya zama wani dusa-dusa da ke maƙalewa a zare, sai baƙin kaya ya yi furfura, fari ya yi duhu, tawul ya yi tauri. Omo an yi shi ne da maganin wannan matsala a cikinsa, shi ya sa yake kumfa a kowane ruwa. To in ruwanku irin wannan ne, ko dai ki tari ruwan sama da damina don kayan fita, domin babu ruwan da sabulu yake so kamarsa, ko ki nemi sabulun ruwa da aka yi don kaya masu launi, ko ki sa omo ɗan kaɗan ki wanke nan take ki ɗauraye sau uku.

Hannu ma yana da hakki. Omo yana busar da fata, yana tsattsaga gefen farce, musamman da hunturu. Sabulu ya fi sauƙi a nan. In kuma injin wanki gare ki, zancen ya ƙare, omo ne nasa, sabulun sanda ba ya aiki a ciki. Amma shadda mai aiki da leshi mai duwatsu kada su shiga injin.

Yanzu shaddar maigida. Ƙyallin shadda kashi biyu ne. Akwai na saƙar kanta, wato furannin da ke fitowa in haske ya faɗa musu, wannan yana nan muddin zaren yana da rai. Akwai kuma na gyaran da ake yi wa fuskarta a masana'anta, inda ake matse yadin tsakanin manyan ƙarafa masu zafi har ya yi santsi da sheƙi. Ko Gezna, wadda kamfanin Getzner ke saƙawa a garin Bludenz na ƙasar Austiriya, auduga ce, kuma wannan sheƙin na sama yana raguwa da kowane wanki. Jiƙon dare da omo da buroshi suna kwashe shi cikin wanki biyu ko uku. Sabulu da wankin gaggawa suna ja masa rai. Don haka shadda ba kullum ake wanke ta ba. In ya sa ta ya je masallacin Juma'a ya dawo, a rataye ta ta sha iska, a goge wuyan da ɗanyen tsumma in ya yi dauɗa. Ranar wankinta a juya ta, a yi mata kumfar sabulu, kada a murɗe ta wajen matsewa, don murɗa tana karya zare ta bar layukan da guga ba ya ɓatarwa. Sannan a sa mata sitaci daidai misali a shanya a inuwa.

Bayan ta bushe, bugu ya fi mata guga. Masu bugu, irin waɗanda ke kusa da marinar Ƙofar Mata a Kano, suna yayyafa mata ruwa su ninke ta a kan gungumen itace su yi ta dukanta da sandunan bugu har fuskar zaren ta kwanta ta yi sheƙi. Abin da injin masana'anta ya yi mata da fari, shi suke maimaitawa da hannu. In babu masu bugu kusa da ku, a goge ta ta ciki tana da ɗan danshi. Ki riƙa duba ɗan ƙyallen da ke wuyan kayan kanti: hoton dutsen guga mai ɗigo ɗaya yana nufin kada zafi ya wuce digiri 110, mai biyu 150, mai uku 200. Auduga tana ɗaukar mai uku, amma zaren aikin da ke wuyan riga sau da yawa na roba ne, zafin da ya dace da shaddar zai iya ƙona shi. Dutsen gawayi kuma a kula da tartsatsi, ƙwaya ɗaya ta isa ta huda babbar riga.

Rana ita ce ɓarauniyar da ba a zargi. Ko da wane sabulu kika yi wanki, in kika bar atamfa a igiya tun hantsi har la'asar a zafin bazara, launinta zai tafi. Fararen kaya su ne abokan rana. Tabon manja ma haka: ki wanke maiƙon da sabulu, ki shanya wurin a rana, jan zai ɓace da kansa. Jini kuwa ruwan sanyi ake fara sa masa, ruwan zafi dafa shi yake ya zauna daram. Bilic ki bar shi ga farar auduga kaɗai, shi ma jefi-jefi, don yana cin zare, kuma kada ki taɓa haɗa shi da ruwan wanke masai, hayaƙin da ke tashi guba ne.

Kayan da suka riga suka lalace, shaddar tana da magani. Ku kai ta marina a mayar da ita launi mai duhu, shuɗi ko ruwan makuba, a sa mata sitaci a buge ta, za ta sake fita kunya. Ku dai tambayi marinin game da zaren aikin, don in na roba ne ba zai kama rinin ba, zai tsaya da launinsa na da. Atamfofin kuwa launin da ya zuba ba ya dawowa. Ki mayar da su na zaman gida, in kuma akwai sauran ƙyalle a wurin tela, ki karɓo ki gwada wanke shi da sabulu a ruwan gidanku, ki ga yadda zai yi kafin ki taɓa ɗinkin Babbar Sallah.