Dattijon da ya gano ciwon injin jirgina da ƙusa ɗaya

Jirgina na katako ne, injinsa Yamaha Enduro mai doki 40, da shi nake fito a kogin Neja tsakanin Zamare da Rofiya: mutane, babura, buhunan albasa, wata rana har da awaki. A bazarar da ta wuce injin ya ɓullo min da wani hali. In na tashi daga gaɓa a hankali, lafiya lau. Da zarar na murɗa totur don jirgi ya miƙe, sai injin ya kwarma ihu kamar zai tashi sama, jirgin kuwa ya yi sanyi, ya koma tafiyar hawainiya. In na sassauta hannu sai ya sake kamawa. Ranar da cikina ya ɗuri ruwa muna tsakiyar kogi da lodi, hadari ya haɗo daga gabas, wata tsohuwa sai salati take yi, ni kuma ina lallaɓa inji kamar mai rarrashin amarya.

Bakaniken da na fara kai wa ya wanke kafireto, ya canja fulogi biyu, ya karɓi kuɗinsa. Washegari jiya i yau. Na biyun ko taɓa injin bai yi ba, ya ce giyar injin ce ta cinye, ya yanka min kuɗin da sai na sayar da ragunan da nake kiwo kafin in haɗa. Wani Basarke da muke ɗaure jirgi wuri ɗaya ne ya ce kafin in sayar da komai in je Yelwa, bakin ruwa, in nemi dattijon da ke gyara a rumfar kwano.

Rumfar ba allo ba suna. Rabin duro cike da ruwan da mai ya yi wa bakan gizo, injuna uku a rataye jikin katako, yara biyu suna wanke ƙarafa da fetur. Na gaishe shi, na fara zuba bayani, ya ɗaga min hannu.

"Tsaya, yaro. In ya sulɓe, kana jin bugu, ƙas, kamar an daki jirgin da guduma, ko ihu kawai yake yi?"

"Ihu kawai, Baba."

"A kwana yake yi ko a miƙe?"

"Ko'ina, muddin akwai kaya."

"Yaushe ka hau kututture?"

Ban gaya masa na hau ba. Amma wanda ke tuƙi a ruwan nan ya san tun da aka datse kogi a Kainji a 1968 itatuwan da ruwa ya shanye suna nan a ƙasa, in ruwa ya ja baya sai su zo daf da sama. Mako uku kafin ciwon ya fara na ji farfela ta daki wani abu, na duba fikafikanta ban ga karaya ba, na ci gaba da harkata.

Ya ce ba za a gwada a duro ba, inji ba ya nuna halinsa sai ya ji nauyi. Muka gangara wurin jirgi. Ya cire kawunan fulogi tukuna, ya ce farfela ba ta san mai ita ba. Ya sa hannu cikin ruwa ya shafa gindin jirgi, ya gwada da faffaɗan ƙarfen nan da ke saman farfela, ya ce zaman injin daidai ne. Da an ɗaga shi sama da yawa, iska farfela za ta riƙa sha maimakon ruwa, musamman a kwana. Sannan muka kifa injin sama, ya zaro ƙusa daga aljihu, ya ja zane guda miƙaƙƙe daga cibiyar ƙarfen da ke riƙe shaf, wato sandar da ke juya farfela, har zuwa jikin farfelar. Ya kira samari takwas da ke zaune a gaɓa suka shiga, muka zaga, na ba shi wuta har ya yi ihunsa sau biyu. Da muka dawo zanen ya rabu gida biyu, na ciki yana kallon gabas, na waje yana kallon kudu.

A nan ya yi min karatun da shekara shida ina tuƙi ban sani ba. Tsakanin cibiyar da jikin farfela akwai roba da aka matse da ƙarfi. In farfela ta daki abu, robar ce ke saki don kada haƙoran giya su karye. Da ta saki sau ɗaya, shi ke nan, tana iya jan jirgi a ƙaramar wuta, amma in an murɗa sai shaf ya yi ta juyawa a ciki, farfela na binsa a kasalance. Ya ce inji mai ciwon mai ko fulogi shaƙewa yake yi, ba ihu ba, don haka wankin kafireton nan sadaka na yi. Da ya kwance farfelar ya miƙo min in shinshina, ƙaurin roba kamar an ƙona taya. A bayanta kuma ya warware zaren mamarin masunta da ya nannaɗe shaf, ya sassauta noti na ƙasa ya ɗiga man giya a yatsa. Ya ce da ya yi fari kamar kunun gyaɗa, to zaren ya yanka sil, robar da ke tare ruwa, ruwa ya shiga. Nawa bai kai can ba, amma ya sa na canja.

Inda muka yi sa-in-sa shi ne gyaran. Na san ana huda farfela a zura ƙarfe a ɗaure ta da cibiya, a tashi aiki a ranar. Na ce, "Baba, ku taimaka ku yi min hakan." Ya ce ba da hannunsa ba: kututture na gaba giya zai ci, kuma mutane nake ɗauka ba duwatsu ba. Injin matse sabuwar roba kuwa ba shi da shi. Sai sabuwar farfela. Ya nuna min lambar da ke jikin tsohuwar, 11 1/8 x 13, ya ce ta biyun ita ce takun farfela a kowane juyi, mai lodi irina gara ya sauko zuwa 11, gudu zai ɗan ragu amma injin zai huta.

Aibinsa kuwa akwai. Ba ya ajiye kayan gyara ko ɗaya, sai ka nemo da kanka, in ka kawo jabu ya mayar da kai. Sau ɗaya ya mayar da ni. Wadda ya yarda da ita daga Legas aka aiko, na yi kwana biyar jirgi a ɗaure. Wayarsa kullum a kashe, ba ya gaggawa, kuma bakinsa akwai kaifi. A gaban yaransa ya tambaye ni ko kunne nake tuƙi da shi ko hula. Amma kuɗin aikinsa bai kai na jarkar fetur ɗaya ba, kuma raguna na nan a turke. Mai inji da ke tsakanin Yawuri da Wara, in ya ji irin ihun nan, can zan tura shi kafin ya bari a buɗe masa giya.

Tsohuwar farfelar tana ƙarƙashin bencin baya tare da sufana da fin ɗin ɗaure ta guda biyu, ya ce ko ba komai za ta kai ni gaɓa a ƙaramar wuta. Sabuwar ma da ya gama ɗaurawa sai da ya ja mata nata zanen. Duk Juma'a in na kifa injin ina dubawa, har yanzu a miƙe yake.