Wane Gam Za Ki Saya Idan Za Ki Yi Wa Robobin Ajiya Ado?

Robar ajiya mai murfi, irin wadda ake zuba kayan yara ko mayafai, tana da arha ga ƙarko, sai dai ba ta ƙawata ɗaki. Shi ya sa mata da yawa suke liƙa mata ƙyallen atamfa ko takarda mai zane, su shafe saman da gam. Aikin ba shi da wuya. Inda ake asarar kuɗi shi ne wajen zaɓen gam ɗin.

Kafin ki nufi kasuwa, kifa robar ki duba gindinta. Za ki ga 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Yawancin robobin ajiya lamba 5 ne, wasu lamba 2, kuma duka biyun santsi gare su, gam mai ruwa ba ya kama su sosai. Ko na nawa kika saya, muddin ba ki goge jikin robar da sanfefa mai laushi ba, lamba 220 ma ta isa, kika share da sifirit, to adon zai ɗaye kamar ɓawon albasa. Don haka sanfefa ce farkon sayayya.

Ni dai nawa Mod Podge ne, ba na ɓoyewa. Wata mata mai suna Jan Wetstone ce ta ƙirƙiro shi a Atlanta ta Amurka a 1967, kamfanin Plaid ne kuma yake yin sa. Abin da ya sa nake son sa, kwalba ɗaya ta yi aiki uku: da shi za ki liƙa, da shi za ki rufe saman, shi ne kuma zai ba da sheƙi. Fari ne fat a kwalba, idan ya bushe sai ya koma garau, launin atamfa ya fito yadda yake. Ba ya kama abu nan take, kina da sararin jan ƙyalle ki daidaita shi a kwana da wajen mariƙi, inda aka fi shan wahala. Minti 15 zuwa 20 tsakanin shafi da shafi, buroshi kuma ruwa kawai zai wanke shi.

Amma fa iri-iri ne, kuma a nan nake da tsanani. Gloss mai ƙyalli shi ya fi ɗaukar ido a hoto, shi ne kuma ya fi danƙo idan iska ta yi laima. Roba ai ba bango ba ce, ɗora ta ake yi kan 'yar uwarta. Idan damina ta kankama sai ki tarar gindin wata ya manne da murfin wata, kina ɗagawa ya tafi da rabin adon, ga zare da ƙura duk sun liƙe. Tun da na ga haka, tambayata ta farko ga kowane gam ita ce: yana danƙo bayan ya bushe? Matte, marar ƙyalli, ya fi dama-dama. Hard Coat, wanda aka yi domin tebur da kujeru, shi ne daidai da wannan aiki, don samansa tauri yake yi. Shi ma sai an ba shi kusan mako 4 kafin a ɗora masa wani abu.

Farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, dangi ɗaya ne da shi, kuma idan aka ɗan sirka da ruwa yana liƙa atamfa ba laifi. Sai dai ruwa na tausasa shi, dole ki ƙara sayen banish mai ruwa ki rufe saman, arhar kuma ta ragu. Evo-Stik wari ne da tabo mai ratso ƙyalle. Super Glue ya sandarar da takarda. Gam na kyandir, wanda ake narkarwa da zafi, gudaji yake bari. Kullun rogo kuwa, gayyatar kyankyasai ce kawai.

Babbar matsalar ita ce algus. Da yake Mod Podge da farin gam kamanninsu ɗaya a ido, babu abin da ya fi sauƙi irin a sirka mai arhar da ruwa a zuba a 'yan kwalabe a ce “tsiyaye ne daga babba”. An taɓa aiko min da irin wannan daga wata mai talla a intanet, ruwa ya taso sama, gam ya kwanta ƙasa, takarda kuwa yamutsewa ta yi tun a shafin farko. Da na yi magana sai aka ce wai ban girgiza ba. Kada ki yarda da tsiyaye, ko da mai sayarwa ta rantse. Ki nemi kwalbar kamfani, ki karanta sunan harafi-harafi, ki duba ko akwai Plaid a jiki da sunan nau'in. Ƙaramar da aka fi samu mililita 236 ce, mai bi mata 473. Na gaske kauri gare shi, yana riƙe buroshi, ba ya zuba tsululu. Idan farashin ya yi kusa da na gam ɗin kafinta, kayan da ya tsallako teku ba ya zuwa haka. Idan ta waya za ki saya, ki ce a ɗauko miki bidiyon kwalbar da za a aiko, gaba da baya, ba hoton da aka ɗebo a intanet ba. Ko na gasken ne ma, wanda ya daɗe a rana a bakin shago yakan yi gudaji ko warin tsami, a bar masu kayansu.

Ƙaramar kwalba ta ishi gwaji. Ki karɓo ƙyalle wajen tela, ki wanke shi tukuna don sitacin ya fita, ki fara da murfin roba ɗaya. Idan lokacin hunturu ne, ki shanya a cikin ɗaki da taga a rufe, don ƙura ba ta fita daga gam idan ya bushe da ita.