Wata shida ina shan litiyam: sharhin wani tela

A wajenmu teloli, wanda ya kwana uku bai runtsa ba a goman ƙarshe na azumi jarumi ake ce masa. Shi ya sa babu wanda ya farga da ni da wuri. Na karɓi ɗinkin Sallah wanda shago uku ba za su iya gamawa ba, na ciyo bashin keke biyu sababbi alhali na farko ma ban gama biya ba, ina kiran mutane ƙarfe uku na dare ina gaya musu zan buɗe reshe a Abuja da Yamai. Bakina ba ya rufuwa, kuma ko alamar gajiya babu. Ranar jajibere na yanka shaddar mutum huɗu ban duba awo ba, don a ganina idona ya fi tef daidai.

Hajiya ta ce sammu ne, an ga shago ya fara haske. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Yaya ya sa ni a mota sai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa. Tambayar da likita ya yi wa matata ce ta warware zancen: ko na taɓa shiga akasin wannan hali? Ta ce ƙwarai, daminar shekarar da ta gabata na rufe shago kusan wata biyu, ina kwance, ko wanka sai an yi da gaske. Ya ce sunan abin baifola, lalurar da ke ɗaga mutum sama ta kuma jefo shi ƙasa. Da farko an ba ni olanzafin don in samu barci, sannan aka ɗora ni a kan litiyam, wanda shi ne zan daɗe ina sha. A kansa nake wannan sharhi.

Kafin in haɗiyi ƙwaya ko ɗaya sai da aka ɗebi jinina, aka duba ƙoda da tayiroyid, wato ƙwayar nan ta wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo, aka kuma auna bugun zuciya. Na fara da miligiram 400 da daddare. Bayan mako guda na koma gwajin jini, kuma gwajin yana da ƙa'ida: sai an cika awa 12 da shan ƙwayar. In na sha ƙarfe tara na dare, tara na safe ya kamata allura ta shiga hannuna. Sakamakon farko ya nuna yawan litiyam a jinina 0.4 ne, likita ya ce bai kai ba, ya mai da ni 800. Yanzu ina kan 0.7, shi kuwa tsakanin 0.6 da 0.8 yake nema. Daga 1.5 zuwa sama maganin ya fara zama guba. Ka ga tazarar ba ta da yawa, kamar ɗinkin da ba a bar masa rara ba.

Wannan gwajin shi ne babban aibin maganin a wajena. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, kuma ba kowane kantin magani ke ajiye litiyam ba. Na taɓa zagaya kanti biyar a adaidaita sahu kafin in samu. An kuma gargaɗe ni kada in riƙa sauya samfuri, in da Priadel na fara in tsaya a kansa, don ba duka ke narkewa a ciki iri ɗaya ba. In aka haɗa ƙwaya da gwaji da kuɗin mota, watannin farko sai da na riƙa ware kuɗin ɗinkin kaftani uku ko huɗu. Yanzu da jinin ya daidaita, gwajin ya koma duk wata uku, na ƙoda da tayiroyid kuma duk wata shida.

Sai ƙishirwa. Na fara shan maganin ne a tsakiyar bazara, lokacin da rufin kwanon shagonmu ke gasa mutum kamar gurasa a tanderu. Bakina kullum a bushe, da wani ɗanɗano kamar na tsotsi tsohon kwabo. Jakar fiyawata da a da take kai mu kwana biyu ni da yara, sai ga shi ni kaɗai ina neman cinye ta, da dare kuma in tashi fitsari sau uku. Likita ya yi mini bayanin da ya zauna mini a kai. Ya ce: "Malam, ƙodarka ba ta bambance litiyam da gishiri sosai. In ka yi zufa, ruwa da gishiri suka ragu a jikinka, sai ta riƙe maganin ta ƙi fitar da shi, ya taru." Saboda haka ba a rage gishirin miya kwatsam, ba a kuma wasa da gudawa ko amai ko zazzaɓin cizon sauro. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya zo, a kira asibiti kafin a sha ƙwayar dare.

Abin da ya fi taɓa ni kuwa rawar hannu ce. Ba wata babba ba ce, wanda ke zaune kusa da ni ba zai ma gani ba. Amma ramin allura yana gani. Shekara goma sha huɗu ina zura zare ko kallo ba na yi, sai ga ni wata safiya na lashi bakin zare sau shida yana kaucewa, mai kaya kuma yana tsaye a kaina. Ƙaramin yaron shagon ya matso a hankali ya ce: "Oga, kawo in sa maka." Na miƙa masa, na fita waje kamar zan amsa waya. Daga baya na lura shayi mai kauri da goro suna ƙara rawar, na rage su, ta yi sauƙi. Ba ta tafi gaba ɗaya ba.

Akwai kuskuren da saura ƙiris in yi, kuma na san duk tela zai iya yin sa. Ciwon baya abokin sana'armu ne, diklofenak da ibuprofen kuwa kamar gyaɗa muke saye a kyamis. Na riga na karɓi katin ƙwayar har na biya, sai na tuna takardar da nas ta ba ni. Irin waɗannan magungunan suna hana ƙoda fitar da litiyam, haka ma wasu magungunan hawan jini, musamman masu sa fitsari. Mai kyamis bai tambaye ni ko ina shan wani abu ba, ni ma ban gaya masa ba, don kunya. Na mayar na karɓi farasitamol. Alamomin da aka ce in na gani in garzaya asibiti na rubuta su a bayan littafin awo: rawar jiki mai ƙarfi, amai da gudawa, tangaɗi kamar mashayi, harshe ya yi nauyi.

To, yana aiki? Yana yi, sai dai ba irin aikin maganin ciwon kai ba ne da za ka ji shi cikin rabin awa. Sai da na yi kusan mako uku kafin matata ta ce ta ga na fara sauraron mutum har ya kai aya. Ina barci awa bakwai. Na je na ba masu shaddar nan haƙuri, na biya biyu, biyu suka yafe. Keke ɗaya na mayar. Tunanin mutuwa da ya riƙa zuwar mini a waccan daminar bai dawo ba, kuma likita ya ce litiyam na cikin 'yan magungunan da aka tabbatar suna rage haɗarin mutum ya kashe kansa. Tsohon magani ne, tun 1949 wani likita a Ostireliya mai suna John Cade ya wallafa sakamakon gwada shi a kan masu irin wannan lalura. Yaran shago da suka ji cewa sinadarin ne ke cikin batirin waya, sai suka koma tambayata ko na yi caji.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kewa. Ina kewar wancan mutumin da ke ganin babu abin da ya fi ƙarfinsa, wanda zanen aikin wuya ke zubo masa kamar ruwan sama. A wata na uku na ji garau, zuciyata ta fara raya mini cewa na warke, me ya rage? Yaya ne ya zaunar da ni: "Kai dai ka ji tsoron Allah. Ka manta wanda ya ɗauko ka daga titi ba takalmi?" Likita ya ƙara da cewa yanke litiyam kwatsam yana dawo da ciwon da sauri, wani lokaci fiye da na farko. Hajiya har yanzu tana aiko mini da rubutu, ina sha, ina kuma haɗiyar ƙwayata ƙarfe tara.

Ga mata akwai ƙarin magana. A layin asibiti na ga da yawa an ba su balfurowet, wani maganin wannan lalura da ake sayarwa da sunan Epilim, don ya fi sauƙin samu. Amma in mace ta ɗauki ciki tana shan sa, kusan jariri ɗaya cikin goma kan zo da nakasa. Litiyam ma yana da nasa haɗarin ga mai ciki. Duk wadda ke sa ran haihuwa ta faɗa wa likita tun ranar farko.

Sitta Shawwal ban yi ba bana, azumin Litinin da Alhamis ma na ajiye. Na watan Ramadan mai zuwa kuwa mun yi da likita za mu zauna tun Sha'aban, a auna jini, in kuma je wa malaminmu da abin da ya ce. Abu ɗaya dai na riga na yanke: ɗinkin Sallah ba zai wuce abin da zan gama kafin sha ɗaya na dare ba. Na rubuta adadin da alli a jikin ƙofar shago, yaron da ke zura mini zare shi ke ƙirgawa.