Kwana shida a Zanzibar: abin da ya ci kuɗinsa da abin da bai ci ba

Tun da muka dawo mutane ke tambayata ko tafiyarmu Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya ta biya, musamman waɗanda suka ga hotunan da uwargida ta ɗora a WhatsApp. Amsa ɗaya ba ta wadatar, shi ya sa na zauna na rubuta. Mun sayi tsarin tafiya ne daga wani kamfanin shirya yawon buɗe ido: tikitin jirgi, otal, mota, mai jagora da fita biyar, duk a farashi guda. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin akwai inda suka kyauta, akwai kuma inda suka ba ni haushi.

Mu fara da takardu, don a nan mutanenmu ke tuntuɓe. Mai fasfon Najeriya ba ya sauka a filin jirgin Abeid Amani Karume ya ce a buga masa biza nan take. Sai ka nema ta intanet tun kana gida, ka kuma ba ta lokaci, don ba a yini guda take fitowa ba. Za a nemi katin rigakafin shawara. Sannan tun 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorarta ta dala 44, ko da kana da wata inshorar. Kamfanin ya taimaka da bizar yadda ya kamata, amma zancen inshorar sai ana saura kwana uku tashi ya faɗa mana, kuma ba ta cikin farashin da aka ce "duka da duka". Wannan shi ne laifinsu na farko.

Laifi na biyu ya fi girma, kuma rabinsa nawa ne. A hoto an nuna mana ruwa shuɗi yana lasar matakalar otal. An sauke mu a Jambiani, gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, da daddare. Da na fito bayan sallar asuba sai na ga teku ya yi ƙaura. Farin yashi da tabkuna ƙanana har iya ganinka, ruwan can nesa kamar zare, jiragen masunta sun kwanta a gefe kamar shanu a makwanta. Uwargida ta dube ni ta ce, "Maigida, ina tekun da muka biya?" Ashe a wannan gaɓar ruwa yana ja da baya ya dawo sau biyu a kwana ɗaya, kuma lokacin yana gusawa kullum da kusan minti hamsin. Wanda ke son ya faɗa ruwa duk sa'ar da ya ga dama, Nungwi ko Kendwa a arewa ya kamata ya kama ɗaki. Babu wanda ya yi mana wannan bayani, ni ma ban tambaya ba.

Sai dai abin da na ɗauka asara shi ne ya zama abin da na fi tunawa. Idan ruwa ya janye, matan ƙauyen ke fitowa da zannuwansu na kanga su shiga gonakinsu. Gona ce sosai: turaku a kafe, igiyoyi a jere, an ɗaure musu ciyawar teku da suke kira mwani. Suna tsinka, suna ɗaure sabon iri, su kwaso a buhu a kai, su shanya a bakin gida. Ana sayar da ita a fitar waje, wasu kuma suna haɗa sabulu da ita. Uwargida ta yi kusan awa biyu tare da su, babu Hausa babu Turanci, sai nuni da dariya. Wannan ba ya cikin jerin fitar da muka biya. Ka sa takalmin roba kawai, saboda akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya a cikin tabkunan.

Idan kwana ɗaya kacal gare ka a tsibirin, ka ba Stone Town, tsohon birnin da mutanen gari ke kira Mji Mkongwe. Kamfanin ya ware masa awa uku, abin da na ɗauka rashin adalci ne. Mun koma da kuɗin aljihunmu muka yini. Bahaushen da ya san lungunan cikin birnin Kano ko Zariya ba zai ji baƙunta ba: hanyoyi ƙunci, mota ba ta shiga, sai babur da keke su yi ta matsa maka. Kowane gida da dakalinsa a ƙofa, su suna ce masa baraza, dattawa na zaune da huluna suna shan gahawa a 'yan kofuna. Ka yi sallama, a amsa maka cikakkiya. Yaro ya gaida babba da "shikamoo", a ce masa "marahaba". Kunnena ya yi ta tsintar kalmomin da Larabci ya raba mana da su: sabuni, dunia, habari, karafuu wato kanumfari.

Ƙofofin gidajen su ne abin kallo. Katako ne mai kauri da sassaƙa, wasu da ayar Alƙur'ani a sama. Mai jagoranmu, wani matashi mai haƙuri wanda shi ne mafi alherin abin da kamfanin ya ba mu, ya nuna mana bambancin: masu kusurwa huɗu salon Larabawa ne, masu baka a sama da manyan ƙusoshin tagulla salon Indiyawa. Daga bakinsa na ji yadda Sarki Sayyid Sa'id ya baro Maskat ta Oman ya mai da Zanzibar fadarsa a 1840, kanumfari da hauren giwa da bayi suka gina birnin. Ya kai mu gaban Beit al-Ajaib, gidan da Sarki Barghash ya gina a 1883, wanda wani sashensa ya rushe a Disamba 2020, don haka daga waje muka tsaya. A wannan bakin ruwan ne jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fadar sarki ruwan wuta ranar 27 ga Agusta 1896, yaƙin da bai kai minti arba'in da biyar ba aka gama. Na tuna cewa shekara bakwai bayan haka su ne dai a ƙofar Kano.

Wurin da ya sa muka yi shiru shi ne tsohuwar kasuwar bayi a Mkunazini. An rufe ta a 1873, aka gina majami'ar Anglika a kan filin. Akwai ɗakuna biyu a ƙarƙashin ƙasa, rufinsu ƙasa-ƙasa, dogon mutum ba ya miƙewa, da wani rami a waje mai gumakan mutane biyar da sarƙa a wuya. Baje kolin tarihin da ke wurin bai ɓoye hannun kowa ba, har da na Musulmi attajirai irin su Tippu Tip, wanda gidansa ke nan cikin birnin. Kada wani ya ce majami'a ce ba zai shiga ba. Tarihin da ke wurin ya shafe mu, mu ma muna da namu irinsa da ba mu cika son tayarwa ba.

Zancen salla babu wahala ko kaɗan. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, masallatai a birnin kamar a yi tuntuɓe da su. Galibi Shafi'awa ne, akwai kuma Ibadawa masu asali daga Oman, waɗanda ke sakin hannu a salla kamar yadda na taso na ga kakana yana yi. Abinci a cikin gari ba ka da fargaba. A otal-otal na bakin teku ne za ka buɗe ido, don ana sayar da giya, Turawa kuma suna yawo da shigar da ka sani. Uwargida ta yi wankan teku da doguwar rigarta ba wanda ya kalle ta sau biyu, tunda matan garin ma haka suke shiga.

Da magariba kowa Forodhani yake nufa, lambun bakin ruwa inda masu abinci ke kunna fitilu. Ra'ayina a nan ya rabu biyu. Ruwan rake da ake matsewa a gabanka da citta da lemun tsami, wannan na sha kofi uku. Urojo, wani romo mai tsami da dankali da ƙosai-ƙosai a ciki, ya yi daɗi. Abin da suke kira fizar Zanzibar kuwa ba fiza ba ce, ta fi kama da fanke mai nama da ƙwai a ciki, kuma ba laifi. Amma tsiren kifi da jatan lande da aka jera tun yamma ana sake ɗumamawa, ɗan Kano da ya san tsire mai zafi daga wuta ba zai yaba ba. Ka tambayi farashi kafin a ɗora maka a faranti. Abinci na gaskiya a 'yan gidajen cin abinci na kusa da kasuwar Darajani muka same shi: shinkafar pilau mai kayan ƙamshi, da pweza, wannan halittar teku mai hannu takwas, an dafa ta da madarar kwakwa. Na yi ta ja da baya, da na ɗanɗana sai na nemi ƙari.

Gonar kayan ƙamshi a yankin Kizimbani ta cancanci rabin yini. Shekara nawa ina sayen kanumfari a Kurmi ban taɓa sanin cewa furen bishiya ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe ba. Kirfa ɓawon itace ce, aka ɓantaro mana muka shinshina. Saiwarta kuma ƙamshin man zafi take yi. Gyaɗar ƙamshi tana cikin wani ɗan itace, an naɗe ta da jan zare kamar an yi mata ado. An ce mana yawancin kanumfarin ma daga tsibirin Pemba yake fitowa. Abin da ya rage armashi shi ne ƙarshen zagayen: wani ya hau kwakwa yana waƙa, wani ya saƙa maka hula da ganye, kowa kuma hannu yake jira. Ka tanadi canjin shilin, in ba haka ba kunya za ta sa ka ba da babbar takarda.

Changuu, da ake tallata shi da sunan tsibirin kurkuku, tafiyar kusan rabin awa ce a ƙaramin jirgi. An gina kurkukun a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai aka mai da shi wurin killace masu cuta. Manyan kunkuran da ke can zuriyar waɗanda aka kawo kyauta daga tsibiran Seshel ne a 1919, wasu sun kai girman turmin da aka kifar. Awa ɗaya ta isa. In da yara, za su ji daɗi. Mu biyu dai mun ga kunkuru mun dawo.

Dajin Jozani ya fi shi. Jajayen biran da ke can, kima punju, a Zanzibar kaɗai ake samunsu, kuma ba su damu da mutum ba, suna cin ganye a saman kanka. Daga nan akwai gadar katako da ke ratsa itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar yatsu.

Fitar da ba zan sake biya ba ita ce ta kallon kifin dolfin a Kizimkazi. An tashe mu tun duhu, muka tarar da jirage masu inji birjik, kowa na bin dabbobin a guje, da sun ɓullo a yi ta ihu mutane na faɗawa ruwa a kansu. Farauta ce ba kallo ba. Ga iskar kudu da suke kira kusi tana kaɗawa a watan Agusta, uwargida ta yi ta amai har muka dawo. Abin takaici, a ƙauyen Kizimkazi Dimbani akwai masallacin da rubutun Kufi na jikin mihrabinsa ke ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, wato 1107, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a gabashin Afirka, kuma ba ya cikin tsarin kamfanin sam. Ni na roƙi direba ya tsaya. Wani dattijo ya buɗe mana, na yi nafila raka'a biyu a inda aka fi shekara ɗari tara ana sujada. Minti ashirin ɗin nan sun fi mini awa ukun da muka yi muna bin kifi.

Daren ƙarshe muka hau dau, jirgin katako mai tanti guda da iska ke turawa, daga bakin Stone Town. Da aka kashe inji aka saki tantin, babu abin da kake ji sai ƙarar igiya da ruwa, kiran sallar magariba na tasowa daga masallatai daban-daban a bayanmu. Wannan kam a saka shi a kowane tsari.

Kamfanin na ba shi shida cikin goma: mota ba ta taɓa makara ba, mai jagora ya san aikinsa, amma sun ɓoye ƙananan kuɗaɗe, sun kuma tsara tafiyar kamar kowa Bature ne mai neman rana. In zan koma, tikiti da biza kawai zan ba su. Zan yi kwana uku a cikin Stone Town, biyu a Kendwa, in ɗauki mai jagora da kaina, in kuma kauce wa Afrilu da Mayu lokacin manyan ruwan sama. Abu ɗaya da za ka kiyaye in kana yin alƙawari da direba: agogonsu daga fitowar rana yake fara ƙirga, ƙarfe bakwai na safe shi ne "saa moja" a wurinsu. Tsarabar kayan ƙamshi kuma kada ka saya a gona. 'Yan ƙullin da muka biya da tsada a Kizimbani, washegari muka gan su a Darajani ana aunawa da kilo, kuma har yau uwargida ba ta daina tuna mini ba.