Gargaɗi ga dillalan mota: hattara da mai tallar Marsandi 300 SL

Jama'a, musamman masu harkar motocin Beljiyam, akwai wani talla da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp na dillalai. Mutumin yana cewa a Jamus yake, wai ya gaji tsohuwar Marsandi 300 SL, mai ƙofofin nan da ke ɗagawa sama kamar fikafikai, kuma matsi ne ya sa zai karyar da ita. Sai ya turo hotuna masu ɗaukar ido, ya nemi kafin alƙalami don ya riƙe maka ita har a loda ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano. Damfara ce. Kada kowa ya tura ko sisi.

Wannan mota ba irin wadda ake tsinta a araha ba ce. A birnin New York aka fara nuna ta a 1954, kuma guda 1,400 kacal aka ƙera zuwa 1957. A yau idan aka yi gwanjonta a Turai ko Amurka, kuɗinta yakan haura dala miliyan ɗaya. Wanda ya gaje ta da gaske, manyan gidajen gwanjo ne za su yi rububinsa, ba sai ya bi baƙo a WhatsApp yana roƙon ciniki ba.

Ku duba hotunan da kyau. Fenti yana walƙiya, ƙasa tas, haske ya sauka daidai kan ƙofar da aka ɗaga, aikin ƙwararren mai hoto ne a ɗakin baje koli. Irinsu sun cika intanet, daga gidan tarihin Mercedes-Benz na Stuttgart da shafukan gwanjo, kuma Google Lens, manhajar binciken hoto, yakan nuna inda aka kwaso su. Abin da ba zai taɓa turowa ba shi ne hoton wuraren da ba su da kyan gani. Ku ce ya buɗe bonet: injinta mai silinda shida a kishingiɗe yake gefe guda, da famfon Bosch mai fesa fetur kai tsaye, babu kafireto. Ku ce ya ɗauki hoton dokin ƙofa, wanda yake da tudu da faɗi saboda ƙashin motar na siraran bututun ƙarfe ne da suka bi ta gefe, dalilin ke nan ma da ya sa ƙofar ke buɗewa sama. Ku nemi lambar chassis, wato lambar ƙashin motar, wadda ga mai jikin ƙarfe take farawa da 198.040. Akwai kuma na kwaikwayo masu jikin faiba da ake ɗorawa a kan wata motar, don haka ko an ga motar ido da ido sai an kai wanda ya san ta.

Da ka nemi kiran bidiyo yana tsaye a gaban motar, sai uzuri ya fara: tana sito, makulli yana hannun lauya, wani Alhaji zai biya gobe. Abin da ke min ciwo, masu ƙaramin jari ne suke faɗawa, har da masu haɗa kuɗi da 'yan'uwa.

Wanda ya riga ya tura, ya garzaya bankinsa yau ɗin nan, ya adana duk saƙonni da lambar asusun, ya kai ƙara EFCC.