Waifai uku a gidanmu na Aboabo, bayan wata biyar

Gidanmu a Aboabo, unguwa a Kumasi ta ƙasar Ghana, irin gidan gandun nan ne, ɗakuna sun kewaye tsakar gida, sai bene da marigayi Baba ya ɗora daga baya. Rautarmu, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ɗaya ce, tana falon sama. Mai son kiran bidiyo sai ya hau matakala ya tsugunna. Hajiya kuwa gwiwa ba ta barinta, duk ranar da Yaya ya kira daga Italiya sai na ji ta: "Kai ɗan nan, zo ka gani, yayanka ya sake sandarewa."

Da farko na sayi 'yar na'urar ƙara sigina da ake sokawa a soket. Asarar kuɗi. Sanduna su cika a waya, amma ko hoto ba ya buɗewa, don da rediyo ɗaya take karɓa take kuma turawa, gudun ya ragu kusan rabi.

Daga nan na shiga Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi, na ɗauko TP-Link Deco M4, na'urorin waifai masu aiki tare, mai guda uku a kwali. Da manhajar waya ake haɗa su, kafin a kira la'asar na gama. Suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya, kana yawo a gida wayarka tana sauya na'ura da kanta. Sai dai na yi ganganci, na bar su suna magana da juna ta iska, alhali tsakanin sama da ƙasa kankare ne da rodi. Zango biyu waifan ke bi: na 5 GHz yana da gudu amma ba ya jure bango, shi kuma 2.4 GHz yana ratsawa amma cike yake da waifan maƙwabta. Wanda ya san yadda gidajen zango suke manne da juna ya san abin da nake nufi.

Abin da ya gyara komai kebul ne. Na sayi Cat6, mai gyaran wuta ya ja mini shi cikin bututu, ɗaya zuwa ɗakin Hajiya, ɗaya zuwa zaure. Irin wannan kebul yana kai mita 100 ba matsala, namu ko rabi bai kai ba. Kowace Deco tana da ramin kebul biyu, da na soka sai suka koma bin kebul. Na kashe waifan tsohuwar rauta, na bar mata aikin raba wa wayoyi adireshin shiga intanet ita kaɗai, don in shugaba ya zama biyu a gida rigima ce. Tun daga ranar Hajiya a kan gadonta take hira da jikokinta. In za ka saya, ka sa kuɗin kebul da na mai ja a lissafi tun farko, kuma ka ɗora na'urar sama a fili, kada ka tura ta bayan talabijin.

Deco ta zaure ce ta jawo mini aiki. Sati biyu data ta ƙare, ashe ƙanina ya raba wa majalisarsu kalmar sirri. Na buɗe musu layin baƙi daban, ina kashe shi bayan isha'i.

Saura dumso, wato yawan ɗauke wuta. Ƙaramin batir ɗaya gare ni, rauta da Deco ta sama kawai yake riƙewa. Da an ɗauke wuta sai ka ga gidan duka ya dawo kan matakala, Hajiya na ƙasa tana miƙo wayarta a riƙe mata.