MODO BASS 2: manhajar da ta sa maigidana ya yabi hannun da bai taɓa tsirkiya ba

Duk wanda ya san ni a harkar situdiyo ya san ra'ayina a kan bes ɗin kwamfuta, wato manhajar da ke kwaikwayon jitar bes, jitar nan mai kaurin sauti. Ba na so, kuma in yaro ya kunna min a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio sai in ce ya kashe kafin kaina ya yi ciwo. Shekara 14 ke nan ina riƙe da jitar bes. A Jos na koya, a hannun maigidana, wani dattijo da ya yi zamani da makaɗan otal, mutumin da zai zaunar da kai ka saurari manyan makaɗan bes na jaz Ray Brown da Paul Chambers awa biyu bai ce maka uffan ba, sai an gama ya tambaye ka me ka ji. Wanda ya tashi a irin wannan hannun ba ya ganin girman bes ɗin da aka zana da maus.

To, hunturun da ya wuce ne ya karya min baki. Iskar nan ta busar da wuyan jitata ya lanƙwashe, tsirkiyoyin suka yi sama har yatsa na ciwo, na juya ƙarfen cikin wuyan iya juyawata bai dawo ba. Na kai wa wani mai gyara a Sabon Gari, ya ce kwana uku. Ku riƙe wannan kwana ukun, za mu dawo kansa.

Ana haka sai ga wani darakta da aiki. Yana da fitowa guda a fim ɗinsa, miji da mata a gidan cin abinci suna rigima a hankali ba tare da ɗaga murya ba, yana son a sa musu abin da ya kira “kiɗan Turawan nan mai sanyi”. Na ce Yallaɓai, jaz kake nufi, kuma ba na Turawa ba ne, baƙaƙen fatar Amurka ne suka haife shi a New Orleans. Ya ce ko na waye, shi dai ranar Asabar yake so. Fiyano da ganga ba matsala. Amma jaz in babu bes mai tafiya, wanda ke taka sauti huɗu a kowane gida, wato kowace gaɓar kiɗa, yana jan kowa a bayansa, miya ce ba gishiri.

Yaron da ke taya ni aiki ne ya ce, “Oga, ka gwada MODO mana.” Na harare shi. Da daddare bayan ya tafi na sauke wannan bes ɗin kwamfutar, na kyautar, wanda ke da bes guda ɗaya tal, samfurin jitar Fender Precision na shekarun 1960, don dai in tabbatar wa kaina cewa shirme ne. Ban tabbatar ba. Washegari na nemi cikakken, saboda a fitowa ta biyu ta 2022 ne suka ƙara babban bes na tsaye, wanda ’yan jaz ke runguma, da kuma marar firet, wato wanda ba shi da ƙarafunan nan da ke jere a wuyan jita.

Abin da ya bambanta shi da waɗanda na saba tsana shi ne ba naɗaɗɗen sauti yake kunna maka ba. A manhajoji irin su Trilian an naɗi bes na gaske ne sauti bayan sauti, har ya haura gigabait 30, wanda duk mai sayen data ya san ma’anar hakan. Shi wannan na IK Multimedia, kamfanin nan na Modena a Italiya, lissafa yadda tsirkiya ke kaɗawa yake yi a lokacin da ka danna. Shi ya sa za ka iya ce masa tsirkiyar ta tsufa, ko ka sauya ta zuwa mai santsi, ko ka matsar da hannun mai kaɗawa daga gindi zuwa kusa da wuya ka ji sautin ya yi taushi kamar yadda yake yi a hannuna. Wannan matsar da hannun ne ya fara sa ni gyara zama.

Dare uku na yi a kan kiɗan minti huɗu. Na kashe kwantayiz, abin da ke jera kowane sauti daidai kan layin lokaci, gaba ɗaya, domin bes ɗin jaz in ya zauna daidai kan layi ya mutu. Wani sautin na ja shi baya kaɗan, wani na tura shi gaba, na rage wa na biyu da na huɗu ƙarfi a wani wurin na ƙara a wani. Na cusa ƙananan bugun nan da ba su da sauti sai “tuk”, waɗanda yatsa ke yi tsakanin taku da taku ba tare da ka sani ba. Akwai wurin da nake hawa da rabin sauti kafin in faɗa gida na gaba, na bar ɗan zamewar yatsa a ciki da gangan. A gaskiya ba kiɗa na yi ba, zama na yi ina tuna abin da hannuna ke yi, ina rubuta shi ɗaya bayan ɗaya.

Da na gama sai shaiɗan ya raya min in tura wa maigidana ta WhatsApp ban ce komai ba. Na san halinsa, ba ya saurara a waya, sai ya haɗa da tsohuwar rediyonsa mai manyan sifiku. Bayan la’asar ya kira. Ya ce, “Kai, a ina ka samo na tsaye a Kano?” Na ce Baba ya ka ji shi? Ya ce, “Hannunka ya kwanta. Da can gaggawa gare ka, kamar wanda ake kora. Yanzu ka fara jiran ganga.” Shekara 14 ina jiran irin wannan magana daga bakin mutumin nan, ranar da ta zo kuma ba hannuna ta samu ba. Wallahi daɗi da kunya suka haɗe min a wuya, na rasa wanne zan haɗiye.

Na kwana ban faɗa masa ba. Da safe na kira na ce Baba a yafe ni, kwamfuta ce. Ya yi shiru har na duba ko layin ya yanke. Sai ya ce zai sake ji. Bayan kamar rabin awa ya turo saƙon murya, ya ce in je wajen minti na biyu, inda fiyano ke yin shiru ya bar bes shi kaɗai. Ya ce, “Nan mutum zai ɗan gaji, ya saki tsirkiya ya numfasa. Naka bai gaji ba. Da na kula jiya da na kama ka.” Na je na saurara, haka ne kuwa. Amma dai jiya bai kama ni ba, kuma wannan shi ne yabon da zan iya yi wa manhajar nan wanda ya fi kowane.

Sai dai kada wani yaro ya karanta wannan ya ruga. Abin da ya ci min dare uku, da jitata na hannu cikin minti goma na gama, har da sakewa. Yaron nawa ya ɗauki bes ɗin nan dai, shi ɗin, ya zana nasa a fiyano rol, allon da ake zana sauti da maus, komai daidai kan layi, abin ya fito kamar ƙarar injin markaɗe. Akwai shiryayyun salo a ciki da za ka ja ka ajiye, ban taɓa su ba, don haka ba ruwana da su. Marar firet ɗin kuwa na gwada in kwaikwayi irin kukan da makaɗin bes Jaco Pastorius ke fitarwa, mutumin da ya cire ƙarafunan Fender Jazz ɗinsa da kansa, ko laushin hannun Richard Bona na Kamaru. Na yi awa biyu na haƙura. Wannan sautin a tsokar yatsa yake, ni dai ban isa in ciro shi da maus ba.

Ga kuma laftof ɗina. Tun da lissafi manhajar ke yi, tana son inji mai ƙarfi, ni kuwa wanda ya sayar min da nawa ya rantse min sabon shigowa ne, ashe ya sha wuya a hannun wani. Da na haɗa bes da ganga da fiyano sai ya fara tsatsa yana kakkatsewa, dole na mayar da bes ɗin naɗaɗɗen sauti kafin in ci gaba. Biyan kuɗin ma sai da na bi ta hannun wani abokina mai katin dala, kun dai san yadda ake fama.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ranar miƙa aiki. Darakta ya kunna a wayarsa, ya ce ina bes ɗin? Tsirkiya mafi kauri ta bes tana kaɗawa ne wajen sau 41 a daƙiƙa, sifikar waya ba ta san da wannan ba sam. Duk jan baya da tura gaba da na kwana ina yi, babu ko ɗaya da ya fito. Dole na koma na ƙara masa ɗan kaushi a tsakiya don ya leƙo a waya, sautin da Baba ya yaba ya zama wani abu daban. Haka za a kalli fim ɗin, a waya, a cikin Adaidaita.

Kwana ukun mai gyara kuwa sati bakwai ya zama. Yau ya tafi ɗaurin aure, gobe yaronsa ya tafi da makulli. Ranar da na karɓo, wuyan ya miƙe, ban hana shi wannan ba, amma ya sauya min tsirkiyar G da wata ’yar siririya ta daban bai faɗa min ba, ga tabon man inji a bayan jikin, kuma ya nemi ƙari a kan abin da muka yi ciniki. Da ba don shi ba da ban kashe kuɗin manhaja ba. Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci, ko da yake manhajar ba ta yi min laifin komai ba.

Yanzu dai da ita nake tsara aiki kafin in ɗauki jita, kuma duk inda ake son bes na tsaye ita ce, tun da ba ni da na gaske kuma ba ni da inda zan ajiye shi. Baba ya ce in na je Jos da sallah in tafi da jitata, in kaɗa masa minti huɗun nan a gabansa, ya ga ko hannun ya kwanta da gaske. Sati biyu ke nan ina bin abin da na zana da maus ina koya, kuma har yau wajen minti na biyun nan gaggawa nake yi.